Wa ke huɗa a kan kwaltar Damagaram?

Duk mai hawa babur a Damagaram ya san irin wurin, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Kana tafe a kan kwalta lafiya lau, da ka kusa shingen jami'an tsaro ko tudun rage gudu a bakin gari, sai ka ji kan babur yana neman ƙwace maka. In ka duba ƙasa za ka ga kwari biyu dogaye sun bi hanya, daidai sawun tayoyin manyan motoci, a gefensu kuma kwalta ta taso ta yi kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Babu rami, babu tsaga, kwaltar na nan baƙa ƙirin, amma ta lotsa. Da damina kwarin ya cika da ruwa, ɗan kabu-kabu ba ya ganin zurfinsa sai ya faɗa. Da dare kuwa mai ƙaramar mota da ke son wuce tirela sai ya haura kunyar, motar ta yi tangal-tangal a daidai lokacin da take buƙatar natsuwa.

A fada da tasha hukuncin guda ne: an ci kuɗin. Wani lokaci gaskiya ne, kuma za mu zo kansa. Amma hanyar da aka gina bisa ƙa'ida, ba a rage ko buhun siminti ɗaya ba, ita ma tana iya yin wannan huɗar cikin ƴan shekaru, idan abubuwa uku suka haɗu a kanta: zafin rana, nauyin da ya wuce kima, da tafiyar hawainiya. Damagaram na da ukun duka.

Maganar ta zama ta yanzu ne saboda kuɗin da ke tafe. A shekarar 2025 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 400 domin hanyoyin kudancin Nijar, kuma ƙashin bayan aikin shi ne sake gina hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Maraɗi da Damagaram, sama da kilomita 230 da suka ratsa Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. Irin waɗannan kuɗi ba su zuwa kowace shekara. Kafin wannan, Tarayyar Turai ce ta biya kuɗin sake gina hanyar Damagaram zuwa Tanut da ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, kuma kowa ya san yadda dangantaka da Turai ta koma tun bayan 26 ga watan Yulin 2023. Hanyar da ta lalace a yau, babu tabbacin akwai mai sake zuba mata kuɗi gobe. Saboda haka ya kamata talaka ya san abin da ke kashe ta.

Kwalta ruwa ce mai jinkirin gudu

Abin da muke kira kwalta a kan titi kwaɓi ne. Idan aka auna kilo 100 nasa, kimanin 95 fasasshen dutse ne da yashi da garin dutse. Sauran 5 ko 6 ɗin su ne ruwan kwalta, baƙin abin nan mai danƙo da ke saura a ƙasan tukunya idan an gama tace ɗanyen mai. Dutsen ne ke ɗaukar nauyi. Ruwan kwalta aikinsa riƙe duwatsun wuri ɗaya da hana ruwan sama shiga. Kamar dambu ne: mai ya yi kaɗan ya warwatse, ya yi yawa ya caɓe.

Shi wannan ruwan kwalta, ko ya daskare ka ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara, bai daina zama ruwa ba. A jami'ar Queensland ta ƙasar Ostireliya wani malami, Thomas Parnell, ya zuba irinsa a cikin mazurari a 1927 don ya nuna wa ɗalibansa haka. Abin da in ka buga masa guduma sai ya tarwatse kamar kwalba, ga shi yana ɗiga a hankali. Ɗigo na tara ya sauka a 2014. Wannan hali biyu shi ne asirin duk abin da ke faruwa a kan titi. Idan nauyi ya zo da sauri ya wuce, kwalta takan lotsa kaɗan ta dawo, kamar katifa. Idan ya daɗe a kanta, takan fara malala, kuma abin da ya malala ba ya dawowa. Kowace taya da ta wuce tana barin ɗan lotsin da bai kai kaurin gashi ba. Ido ba ya ganinsa. Sai an tara na motoci dubu ɗari, dukkansu suna bin sawu ɗaya, sannan a wayi gari da kwari.

Zafi ne ke yanke hukuncin yawan abin da zai malala. Injiniyoyi na da gwaji mai sauƙi: a cika ƙaramin zobe da ruwan kwalta, a ɗora masa ƙwallon ƙarfe, a riƙa ɗumama shi a cikin ruwa har ƙwallon ya nutsa. Nau'in da ake kira 50/70, wanda ya yaɗu ƙwarai a ayyukan hanya, yana sakin jiki ne tsakanin digiri 46 da 54. Wanda ya fi shi tauri, 35/50, yana kai 50 zuwa 58. To a Damagaram, a watannin Afrilu da Mayu, zafin iska a inuwa yakan haura digiri 40, baƙar kwalta kuwa da ke shan rana tun hantsi tana iya wuce 60. Ke nan daga azahar zuwa la'asar a bazara, danƙon da ke riƙe da titi ya riga ya yi laushi kamar man kaɗe a hannu. A wannan lokaci babu abin da ke tare nauyin tirela sai yadda duwatsun suka ciji juna. A Faransa, idan za a gwada ko kwaɓi zai jure, akan ɗumama shi zuwa digiri 60 a ɗakin gwaji, a bi ta kansa da taya sau 30,000, a auna zurfin kwarin. A can wannan gwajin tsanani ne. A nan ranar Talata ce kawai ta watan Mayu.

Sai tafiyar hawainiya. Tirelar da ke gudun kilomita 80 a awa, tayarta ba ta daɗe a kan taki ɗaya na kwalta ko kwatankwacin ƙiftawar ido. Wadda ke rarrafe a layin shinge tana ninka wannan lokaci sau goma ko ashirin, wadda ta tsaya ana duba takardunta kuwa tana iya shafe rabin awa tana danna wuri ɗaya. Shi ya sa huɗar ta fi muni a mashigar gari, a gaban shingayen kuɗin hanya da na kwastan, a shataletale, a bakin tasha da kasuwa, da duk inda aka gina tudun rage gudu. A nan ne kuma ake taka birki, birki na tura kwalta gaba har ta yi tattara kamar tabarmar da aka ja da ƙafa. A ƙara da gazuwal da ke ɗiga daga tsofaffin injuna: shi da ruwan kwalta ƴan gida ɗaya ne, yana narkar da shi. Akwai abin dariya a ciki in ba don hasara ba: duk shingen da hukuma ta ƙara a kan hanya, ta ƙara wurin da hanyar za ta fara mutuwa.

Lissafin da direba ba ya yi

Nauyi shi ne babba, kuma yadda yake aiki ya saɓa wa abin da hankali ke zato. Mutum zai ɗauka in ka ninka kaya, ka ninka ɓarna. Ba haka ba ne. Tsakanin 1958 da 1960, a garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka, an gina hanyoyin gwaji, aka sa manyan motoci masu nauyi iri-iri suna zagaye su dare da rana har suka lalace. Abin da ya fito, wanda har yau da shi ake lissafin hanyoyi a duniya, shi ne: ana duba nauyin da ke kan kowane layin taya, wato tayoyin hagu da dama da ƙarfe ɗaya ya haɗa, kuma ɓarnar na ƙaruwa ne kamar an ninka nauyin da kansa har sau huɗu. Ninki biyu na nauyi yana kawo kimanin ninki 16 na ɓarna. Layin taya mai tan 10 yana cin hanya kamar wucewar layi mai tan 1 sau 10,000. A taƙaice, duk adaidaita da kabu-kabu da ƙananan motocin Damagaram in aka tara su, ɓarnarsu ta wuni ba ta kama ƙafar ta ƴan tireloli kaɗan masu lodin wuce kima ba. Lissafin kusan-kusan ne, yana ɗan sauyawa bisa irin hanya, amma ba a taɓa samun inda ya juye ba.

Bari mu yi misali. A ce tirela mai layin taya shida, wadda doka ta ba ta tan 51 gaba ɗaya, nauyinta ba kaya tan 18 ne. Halaliyar kayanta tan 33 ke nan. Mai kaya ya matsa aka loda mata tan 52, ta zama 70. Shi a wurinsa an samu ƙarin kaya da bai kai kashi 60 cikin 100 ba. A wurin hanya kuwa wannan tafiya ɗaya ta zama uku da rabi. Ko an cire cewa yanzu motoci kaɗan ne za su kwashe kayan, kowane buhu yana cin hanya fiye da ninki biyu. Idan kowa ya yi haka, hanyar da aka ƙiyasta za ta yi shekara 15 za ta tsufa kafin ta cika 7. Kuma motar da aka yi wa irin wannan lodi ba ta iya gudu, sannan ana cika wa tayoyinta iska fiye da kima don kada su fashe, tayar da ta yi tauri kuwa tana tattara nauyi a ɗan ƙaramin wuri. Nauyi ya jawo jinkiri, jinkiri ya haɗu da zafi.

Su wa ke bin hanyoyin namu? Damagaram mararraba ce tun kafin a san mota. A zamanin Sarki Tanimu ayarin raƙuma ne ke sauka a Zango, tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Raƙumin ayari kimanin kilo 150 yake ɗauka, kuma babu madugun da zai ninka masa kaya, domin raƙumin nasa ne, in ya durƙushe a hamada shi ya yi hasara. Tirela ɗaya ta yau tana ɗauke da kayan raƙuma sama da 200, sai dai abin da ke durƙushewa a ƙarƙashinta ba na mai kayan ba ne.

Mararrabar na nan. Hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai ta wuce Gure da Diffa. Hanya mai lamba 11 ta nufi Tanut da Agadas, ɓangare ce ta babbar hanyar hamada da aka tsara daga Aljas zuwa Legas. Ta kudu akwai ta Magarya da ta Matamaye, masu shiga Kano da Daura. Wake, riɗi, dabbobi da albasa na gangarawa. Siminti, masara, takin zamani da kayan masarufi na hawowa. Tun watan Nuwamban 2011 kuma aka samu sabon baƙo mai nauyi: matatar mai ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, abin da ya tasam ma tan miliyan ɗaya a shekara in tana aiki da cikakken ƙarfinta. Ɗanyen man ta bututu yake zuwa daga Agadem, amma fetur da gazuwal da gas duk a kan taya suke fita. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake: babu jirgin ƙasa, babu bututun tataccen mai. Abin lura kawai shi ne hanyar Maraɗi ta asali an shimfiɗa ta ne tun babu wanda ke lissafi da tankokin mai daga gabas.

Dokar da ta cika shekara 20

Doka ba ta yi ƙaranci ba. A ranar 16 ga watan Disamban 2005, a Bamako, ministocin ƙungiyar UEMOA suka amince da doka mai lamba 14, wadda ta ƙayyade nauyin manyan motoci a ƙasashen kuɗin sefa. Layin taya na gaba tan 6. Layi guda na baya mai taya ɗaya a kowane gefe tan 11.5, tirela mai layi shida tan 51. Wanda ya wuce, tarar jika 20 a kan kowane tan idan jigilar cikin gida ce, jika 60 idan ta tsallaka iyaka, kuma dole a sauke rarar kayan kafin mota ta ci gaba. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta shafi wannan doka ba, tunda ƙasar na cikin UEMOA.

Akwai wani sashe na dokar da ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganina shi ya fi amfani. Ya ce duk tashar jirgin ruwa, masana'anta ko ma'ajiyar da ke fitar da kaya sama da tan 200,000 a shekara ta kan hanya, wajibi ne ta kafa sikeli ta auna kowace mota kafin ta fita ƙofa. Hikimar a fili take. Sauke kaya a tsakiyar daji wahala ce: ina za a ajiye, wa zai yi gadi, wa zai biya ƴan dako, yaya za a yi da shanu ko mai? Wannan wahalar ce ke sa a ƙarshe a sasanta a gefen hanya. A bakin ƙofar da aka yi lodi kuwa babu wannan uzuri. Matatar mai, ma'ajiyoyin mai da masana'antar siminti irin ta Malbaza duk suna cikin wannan rukuni, kuma da za a riƙa buga alƙaluman sikelinsu da na sikelin kan hanya kowane wata uku, da gardamar wa ke kashe hanya ta ragu da rabi.

Me ya sa dokar ta yi ta ɗingishi a duk yankin, ana sa ranar fara aiki da ita ana ɗagewa, ana ƙara sassauci? Ba don masu motoci mugaye ne ba. A saurari lissafinsu. Motocin tsofaffi ne, tafiyarsu a wata ba ta da yawa, sau da dama a cike ake zuwa a dawo fayau. Ana biyan jigila a kan tan ko buhu. Kuɗin mai, na taya, da abin da ake miƙawa a shingaye ba sa raguwa don ka rage kaya. Wanda ya tsaya a kan tan 33 alhali maƙwabcinsa na ɗaukar 50 a farashi ɗaya, shi zai fara sayar da motarsa. Har sana'a ta tsiro a kan haka: makanikai masu ƙara wa mota baka da ƙarfafa gindinta domin ta iya ɗaukar abin da masu ƙera ta ba su yi mafarki ba. Sannan ƙasar da ba ta da teku tana tsoron in ta matsa ita kaɗai, ƴan kasuwa su juya. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, da kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ya hau, kuma babu gwamnatin da ke marmarin ƙara ko dala a kan kwanon shinkafa.

Wannan tsoro na da tushe, bai kamata a raina shi ba. Idan aka tsaurara awo, kuɗin ɗauko buhu zai ɗan tashi, aƙalla da farko. Sai dai mai sayen tiya yana biyan wancan kuɗin tuni, ta wata ƙofa. Yana biya a cikin tayoyi da bakan da ke karyewa, a cikin tafiyar awa uku da ta koma biyar, a cikin motar da ta kife da kaya, a cikin harajin da asusun gyaran hanyoyi na FER ke zubawa a faci. Bambancin shi ne wancan ana ganinsa a rana ɗaya, wannan kuwa a hankali yake shiga, kamar ɗigon malam Parnell.

Inda ɗan kwangila ba shi da mafaka

Kada a ɗauka duk wannan wanke masu aikin hanya ne. Lotsin kansa yana ba da shaida, kuma ba sai injiniya ke iya karanta ta ba.

Idan kwarin siriri ne, kusan faɗin taya, kuma kwalta ta taso a gefensa biyu, to kwaɓin saman ne ya malala. A nan a tambayi wanda ya haɗa shi. Wane nau'in ruwan kwalta ya sa? Ya yi yawa? Fuskar titi da ke sheƙi da rana tana kama takalmi alama ce ta cewa ya yi yawa, ya cike ƴan ƙofofin iska da ya kamata a bari, kimanin kashi 4 cikin 100, inda zai samu wurin motsi idan zafi ya kumbura shi. Wane dutse aka zuba? Tsakuwar rafi mai santsi da rairayin tudu suna mirginawa a kan juna kamar gero a tire. Fasasshen dutse mai kaifin baki shi ke cizo. A nan Damagaram ba ta da uzuri ko kaɗan. Manyan duwatsun da Birni ke zaune a cikinsu, da danginsu da suka miƙe har Munyo, suna cikin mafi taurin abin da ake fasawa don hanya. Aibinsu ɗaya: ba su cika shiri da ruwan kwalta ba idan danshi ya shiga tsakani, sai an haɗa da ɗan farar ƙasa ko maganin ƙara danƙo. Abu ne mai araha, kuma irin abin da ake mantawa da shi idan babu mai dubawa.

Idan kuwa lotsin mai faɗi ne, kamar kwarya, babu kunya a gefe, to ciwon na ƙasa ne. Wannan ya fi yawa a hanyoyin karkara, domin da yawansu ba su da kwaɓi mai kauri; ruwan kwalta ne aka watsa aka bi da tsakuwa sau biyu, kaurinsa bai wuce na yatsa biyu ba, a kan marmara da aka daɓe. A irin wannan hanya marmarar ce ke ɗaukar komai. In ba a daɓe ta da kyau ba, tireloli za su ƙarasa daɓen, amma a sawun tayoyinsu kawai. In ruwa ya shige ta kuwa ƙarfinta ya tafi. Ruwan Damagaram ba shi da yawa a shekara, kimanin milimita 400, sai dai yana zuwa ne a dunƙule a Yuli da Agusta. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ta nuna abin da ƴan kwanakin ruwa ke iya yi wa abin da ya daɗe a tsaye. Kuma a nan cututtukan biyu ke haɗuwa: kwarin da bazara ta haƙa shi ke tare ruwan damina a kan titi, kwaltar da ta gaji da lanƙwasa ta tsattsage kamar fatar kada, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa marmara, tirela ta zo ta tumurmusa. Ramin da ake gani a Oktoba, tun Mayu aka fara haƙa shi.

Titunan cikin gari da aka shimfiɗa lokacin bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamban 2018 wuri ne mai kyau na gwada wannan karatu. Duk mai sha'awa ya kwatanta layukan da ƙananan motoci kaɗai ke bi da waɗanda manyan motoci suka mayar hanyarsu ko wurin kwanansu, ya kuma duba inda magudanar ruwa ta cushe da shara da rairayi. Shekarunsu ɗaya, rana ɗaya ke dukansu.

Abin dubawa a aikin Maraɗi zuwa Damagaram

Magungunan sanannu ne, kuma ba dukkansu ke da tsada ba. Akwai ruwan kwalta mai tauri, akwai wanda ake haɗawa da sinadarin roba don ya jure zafi ya kuma riƙa dawowa bayan an danne shi. Tun shekarun 1980 Faransawa ke amfani da wani kwaɓi mai tsananin tauri a ƙarƙashin manyan hanyoyinsu, Amurkawa kuma tun shekarun 1990 suka koma zaɓen ruwan kwalta bisa zafin da titin kowane yanki ke kaiwa. Tunda dai daga waje muke sayo shi, domin ba ya cikin abin da matatarmu ke sayarwa, bambancin kuɗi tsakanin nau'in da ya dace da Sahel da wanda ya dace da Turai bai kai kuɗin sake aiki ba. Sai dai tauri ma na da iyaka: wanda ya yi tauri da yawa rana na busar da shi ya tsage, musamman da sanyin hunturu. Abin da ya dace ɗakin gwaji ne zai faɗa, kuma ƙasar na da nata ɗakin gwajin na ayyukan gine-gine da hanyoyi. Sakamakonsa bai kamata ya zama sirri tsakanin ma'aikata da ɗan kwangila ba.

Mafi sauƙi duka shi ne a daina zuba kwalta a inda aka san motoci za su tsaya. Mita ɗari ko ɗari biyu na kankare ko tubalin titi a gaban kowane shinge, sikeli, tasha da shataletale ba za su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon hanyar ba, kuma siminti ba ruwansa da zafin Mayu ko ɗigon gazuwal. Sannan a samar wa manyan motoci filin kwana a wajen Tasawa, Takeita da Damagaram, don kada kafaɗar titi ta zama gareji.

Akwai kuma jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da Najeriya ta ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021. Mutane da yawa na ganin zai sauƙaƙa wa hanyoyi. Zai sauƙaƙa wa ta Katsina. Amma layin a Maraɗi ya tsaya, kuma duk kayan da za a sauke a can masu nufin Damagaram, Diffa ko Agadas, a bayan tirela za su hau, su bi wannan hanyar da za a sake ginawa. Tashar jirgin za ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren lodi a ƙasar, irin waɗanda dokar 2005 ta ce a auna mota kafin ta fita ƙofa. Masu tsara kaurin sabuwar hanyar suna lissafi ne da yawan layukan tayar da za su bi ta a shekarun da aka ɗiba mata, suna kuma ɗaukar cewa nauyin kowanne na kusa da abin da doka ta ce. Ƴan majalisar ba da shawara da ƙungiyoyin farar hula na jihohin biyu na da tambayoyi biyu da za su iya yi tun kafin motar daɓe ta farko ta iso Gazawa: da wane nauyi aka yi lissafin, kuma a wane kilomita sikelin zai zauna.